Zanen Toka a Gindin Ɗorawa

Zafin bana ya tuna mini da wani zafi. Tun da tutun ɗorawa, jan furen nan nata, ya fara zuba nake ta juyi, in zauna a inuwar rumbu, in tashi in koma bakin ɗaki, in sake tashi, ba inda ya karɓe ni. Ga maza kuma sun taru a ƙofar gidan Dagaci, sun shimfiɗa wata takarda mai faɗin zanen ɗaurawa, wai za a ƙara wa makarantarmu gini. Ina jiyo su ta kan katanga, wannan ya ce ƙofa ta dubi nan, wancan ya ce ta dubi can. Na ce ikon Allah, ashe gardamar nan ba mutuwa ta yi ba, barci ta yi.

Ta farko a gabana aka yi ta. Turawa ba su tafi ba tukuna, saura 'yan shekaru. En'e, hukumar Sarki, ke da iko, gyaɗa ke da daraja. Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, ba nisa da Yako, ni kuma ina da ƙuruciyata, da 'ya'ya biyu, da goyo a baya.

Daminar da ta gabata ta yaudare mu. Ruwa ya zo da kyau, muka yi shuka, muka yi noman fari, muka yi maimai, sai ya ɗauke daidai lokacin da dawa take neman sa. Kai ya fito, ƙwaya babu. Da farko maigidana yakan miƙa hannu cikin rumbu ya ciro damin da za a sussuke. Daga baya sai ya zura har kafaɗa. Kafin zafi ya kankama, sai ya shiga gaba ɗaya, mu ji motsinsa a ciki kamar na ɓera. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu ne tsararo, wanda za ki hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Busasshiyar rama da tafasa suka zama manyan baƙi a tukunya. Rijiya ta ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka.

Amma ni ina da abin da nake kallo, ina da ɗorawa.

A wajenmu gona daban, itace daban. Gona tana iya zama ta wane, itacen da ke tsakiyarta na wance, kowa ya sani, ba a faɗa. Ɗorawar nan tana kan tudun da ke yamma da gari, a gonar da ta kasance ta kakana. Gonar ta faɗa hannun kawuna, kawuna ya tashi ya koma wajen Doguwa, gona ta koma hannun Dagaci. Itacen kuwa kakana ya ba uwata, uwata ta bar mini. Ba ta bar mini tasa ba, ba ta bar mini akuya ba, ba ta bar mini ko zane mai kyau ba. Ɗorawa ta bar mini. Garinta mai ruwan ƙwai shi ke riƙe cikin yaro a bazara, kalwarta ita nake dafawa in yi daddawa in aika kasuwa, ɓawonta kuma a jiƙa a yi makuba ta daɓe. A shekarar nan ta yi tutu kamar ta san halin da muke ciki, ja wur, har ƙudan zuma suna hana mutum tsayawa a gindinta. Kullum in na je itace sai na bi ta can na ɗaga kai.

Ana haka sai ga wani malami daga En'e a kan keke, da farar hula, da igiya a naɗe a bayan sirdi. Ya ce an ba garinmu makarantar elementare. En'e za ta kawo kwanon rufi da ƙyamare da tagogi, gari kuma ya tayar da bango da gayya, kuma lallai a rufe kafin ruwa ya sauka. In ba a rufe ba, kwanon ya wuce wani gari.

Dagaci ya ce ya ba da gonar tudu. Ba kuwa wani wuri ban da nan. Gabas fadama ce, da damina kwaɗi ke mulki. Kudu maƙabarta. Arewa kududdufi da burtalin shanun Fulani. Tudun nan kaɗai ke da ƙasa mai riƙe gini.

Aka aiko gida gida, mata su kawo toka. Na kwashe ta murhuna cikin sakaina na ba da, ban san abin da za a yi da ita ba. Da la'asar na bi ta tudu. Sun kafa turaku, sun ja igiya, sun bi igiyar da toka. Ɗaki biyu a jere, dogo ɗaya, kamar akwatin gawa. Farin layi ya taso daga wancan turke, ya zo ya daki gindin ɗorawata, ya ɓulla ta bayanta ya ci gaba. Da tokar murhuna.

Na dawo gida da sauri. Na sami maigidan yana gyaran ƙotar fartanya.

Na ce, "Malam, ka ga abin da aka zana?"

Ya ce, "Ina wurin."

"Kana wurin, ba ka ce komai ba?"

"Dagaci ya yi magana, malamin En'e ya yi magana. Ni wa, Dije?"

Uwarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune a bakin turmi tana kaɗi. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, wadda ta wuce shekarun jin kunyar taron maza. Ba ta ɗaga kai daga mazarinta ba ta ce, "Kai ɗan wane ne, ka tambaye ni in gaya maka. Ke kuma daina rawar jiki. Toka ce, ba dutse ba."

Gaskiyarta, toka ce. Washegari guguwa ta bi ta tudun ta share rabin zanen. Da aka taru a sake, sai kowa ya zo da tasa. Dattawa suka ce ginin da ba shi da zaure ba gini ba ne, ina baƙo zai tsaya, ina za su zauna in an zo koya wa manya yaƙi da jahilci? Liman ya ce a juya shi ya daidaita da alƙibla, don yara su yi azahar a ciki ba tare da sun karkace ba. Masu 'ya'ya mata suka ce a mayar da tagogi sama, kada mai wucewa ya riƙa leƙe. Mahauta suka ce a bar musu gefe su kafa rumfa ranar kasuwa. Wani ya ce a bar fili don sallar idi. Malamin En'e, bawan Allah, yana ta share gumi yana cewa shi dai abin da aka ba shi daga Kano ɗaki biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma kwanon a ƙidaye yake. Amma bai hana su ba. Ya ce gari ne zai zauna da ginin, ba shi ba.

Aka zana, aka share. Aka zana, aka share. Yau ɗorawa tana cikin ɗakin fari, gobe tana bakin ƙofa, jibi ta koma waje da taku kaɗan, in yi ajiyar zuciya in sha ruwa, gata kuma liman ya ce an kauce wa alƙibla, a sake juyawa, ta dawo ciki. Tudun ba shi da faɗi, duk yadda aka murɗa sai an taɓa ta. Ni kuwa ba ni da zama. In ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba. In je rijiya in dawo ta tudu, alhali hanyar ba nan take ba. Toka ta yi tsada a garin nan har mata suna ɓoye ta masu yin sabulu.

Tutu ya zube, sabada, ɗanyun 'ya'yan ɗorawa, suka fito siri siri, koraye, suna reto. Zafi ya kai inda kaza ke buɗe baki tana tafiya. Da rana ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, da yamma bangon ɗaki yana amayar da abin da ya sha. A gabas hadari ya fara leƙowa yana komawa. Maza suka fara aikin da ba ya jiran zane: suna haƙar ƙasa a kududdufi, suna cuɗa ta da ciyawa, suna dunƙula tubali suna jerawa a rana. Mu mata mu ke jigilar ruwa, tulu a ka, goyo a baya, ciki ba komai sai kunu. Ana kiɗan gayya, amma ko makaɗin hannunsa ba ƙarfi.

Wata safiya na ga an jingina gatari biyu a gindin ɗorawa.

A ranar Inna ta ajiye mazari, ta yafa tsohon gwadonta, ta ce in biyo ta. Muka sami maza a tudu, Dagaci a kan buzu, malamin En'e a tsaye da igiyarsa. Ni na durƙusa can nesa, na ja mayafi. Inna ta gaida Dagaci yadda ya kamata, sannan ta juya kan Sarkin Magina, wani Tanko, wanda taubashinta ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

Ta ce, "Tanko, gatarin nan na aske gemunka ne?"

Ya ce, "Na sare tsofaffin abubuwa ne, Kande. Matsa kusa."

Aka yi dariya, har Dagaci.

Ta ce, "Tsohon abu shi ya riƙe ka, da ba ka kai yau ba. Ranka ya daɗe, tambaya na zo yi. Gonar nan taka ce, ka bayar, Allah ya ba da lada. Itacen fa, na wa ka bayar?"

Ba wanda bai san amsar ba. Kowa ya san ɗorawar 'yar Hajo ce, wato ni. Abin da ya faru, kowa ya ɗauka wani ya riga ya nemi izini: Dagaci ya ɗauka maigidana ya gaya mini, maigidana ya ɗauka Dagaci zai aiko, Tanko ya ɗauka an gama tun tuni. Malamin En'e kuwa ɗan birni ne, ya zaci wanda ya ba da ƙasa ya ba da abin da ke kanta. Da aka bayyana masa sai ya ce, "Subhanallahi. Ni ba zan gina wa yara makaranta a kan hakkin wani ba."

Dagaci ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Tanko, akwai yadda za a yi ta tsaya?"

Tanko ya zagaya itacen, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe, amma da tsada. A raba ɗakunan, ɗaya nan, ɗaya can, ita a tsakiya. Inuwarta ta zama zauren da dattawa ke nema. Sai dai bangon da zai raba ɗaki biyu ya zama bango biyu ke nan. Ƙarin tubali, ƙarin ruwa, ga hadari yana leƙe, ga mutane ba ƙarfi."

Malamin ya yi lissafinsa a ka, ya ce kwanon zai isa in an rage baranda, kuma shi zai san abin da zai faɗa a Kano.

Sai wani daga baya ya ce, "Mu yi ta dakon laka da yunwa saboda daddawar mace ɗaya?" Wasu suka ce gaskiya ne. Ban ga laifinsu ba. Na ga haƙarƙarinsu a waje.

Dagaci ya ɗaga hannu. Ya ce, "Mai abu ta matso. Dije, ke za ki faɗa da bakinki, ba Inna ba, ba mijinki ba."

Na matso da gwiwa. Ban taɓa magana a gaban maza haka ba.

Ya ce, "Hanya biyu ce. In an sare, na cuce ki, sai in biya. Ina da ɗorawa a gonata ta bakin rafi, matashiya, tana haihuwa. Ta zama taki, ke da 'ya'yanki. In kuwa kin ce ta tsaya, gari zai biya da guminsa, ke kuma ki biya da 'ya'yanta. Ta zama ta makaranta. Don ba zan zauna kowace bazara ina shari'ar yaran da suka jefi ɗorawar Dije ba. Zaɓi."

Maigidana yana gefe, na ji ya yi gyaran murya. Na san abin da yake nufi. Inna ma ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Ke, karɓi ta bakin rafi. Ciki ba ya cin tuna baya." Ita da ta kawo ni.

Gaskiya suka faɗa, na sani a lokacin, na sani yanzu. Amma na ɗaga kai na ga reshen nan mai lanƙwasa, inda uwata take rataye ni a zane in tana kaɗe ɗorawa da gora. Kabarinta ya riga ya baje, ko ni ba na iya nuna shi. In aka sa gatari a nan, ba sauran wurin da zan nuna in ce, nan Hajo ta tsaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta tsaya."

Ya ce, "Kin ji sharaɗin?"

"Na ji. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ta bana ta riga ta fito da sunana, kuma rumbunmu ya ga ƙasa. A bar mini ta bana. Daga baɗi tasu ce."

Dagaci ya dubi jama'a. Wanda ya yi maganar daddawa shi ya fara cewa, "A bar mata." Tanko ya ɗauki gatarin ya saɓa, ya ce wa Inna, "Kin tsira yau, tsohuwa." Ta ce, "Tafi can, bangonka ma karkatacce."

Sai da muka shiga gida Inna ta ce, "Taurin kai irin na Hajo." Maigidan kuwa ya kwana biyu yana amsa mini da ka.

Aka yi zanen ƙarshe, wannan karon ba a share ba. Daga nan gari bai ƙara zama ba. Da an yi sallar asuba ganga take tashi. Tanko da yaransa a kan bango, ana jefa musu tubali suna cafewa, bango yana tashi hawa hawa, a bar shi ya sha rana, a sake hawa. Ni na ɗora wa kaina ruwan ƙarin bangon nan. In sauran mata sun je rijiya sun huta, ni in koma. Wuyana ya ƙage, tsakiyar kaina ta yi kanta. Wasu matan suna yi mini ba'a, "Dije, ga bangonki yana kira." Wasu kuma sai in ga sun ɗauki tulu sun biyo ni. Hadari kullum yana ƙara matsowa. Ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, mu tsaya da tuluna a ka muna salati, don in ya zuba a kan ɗanyen bango aikin ya narke. Sai ya watse. Manomi yana roƙon ruwa, magini yana roƙon a jinkirta, kuma mutum ɗaya ne. Liman ya ce shi bai san wace addu'a zai ja ba.

Ɗorawa ta nuna ana ɗora azara. Na zo da gora mai ƙugiya na kaɗe ta, reshe reshe, ban bar ko ɗaya ba, masu gini suna kallona daga sama. Ban taɓa samun irin ta shekarar ba. Muka ɓare, muka daka, muka tankaɗe, gidan ya koma ruwan ɗorawa har gashin goyona. Garin nan shi ya kai yarana har sabon gero. Na aika wa matan da suka taya ni ruwa, kowa da ƙoƙonta. Ɓawon kuma na jiƙa shi a manyan tukwane, makuba ta yi baƙi, ta yi kauri.

Ranar daɓe matan gari duka suka fito. Aka baza tsakuwa, aka yayyafa makuba, muka jeru a durƙushe da madaɓai, muna bugawa tare, muna waƙa, muna ja da baya. Ƙasar ɗakunan nan biyu ta yi sulɓi, ta yi ƙyalli kamar bayan tulu sabo. Muna cikin na biyu aka buga ƙusar ƙarshe a sama. Ba mu kai ga wanke hannu ba ruwa ya sauko.

Ba mu taɓa jin ruwa a kan kwano ba. Duk garin soro ne da ciyawa. Ƙarar ta sa wasu matan suka yi waje da gudu, suna cewa rufin zai faɗo. Sannan suka dawo, maza ma suka shigo, muka tsaya cunkus ba mai jin maganar wani, sai haƙora kake gani. Ta taga na hango ɗorawa tsakanin ɗaki da ɗaki, ruwa yana wanke ta, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa.

Abin da Tanko ya faɗa ya tabbata. Inuwar nan ta zama zauren gari. A nan manya suka koyi rubuta sunansu, a nan ake raba gardamar iyakar gona, a nan ake tsayawa in an dawo daga jana'iza. Yau gini na bulo ne, ana kawo shi a mota, mai zane bai taɓa shan ruwan garin ba. Da sauri ake gamawa, ba mai ciwon wuya. Ban ce wannan ya fi wancan ba. Na dai san wancan da kaina na ɗauko ruwansa.

Da aka buɗe makaranta, Dagaci ya ce kowace unguwa ta ba da yara, har da mata. Aka ɗauki 'yata ta fari, wadda ba na kama sunanta. Shekara ta zagayo, zafi ya dawo, tutu ya yi ja ya zube. Na daina bi ta tudu. In zan je itace sai in zagaya ta burtali, ko da ya fi nisa. Tukunyar daddawata na kife ta a bayan ɗaki.

Wata rana da azahar ina tankaɗe, sai ga yarinyar ta shigo da gudu, bakinta da haɓarta da gaban rigarta duk sun yi ruwan ɗorawa. Ga wani guntu a hannunta ta ɓoye a baya.

Na ce, "Ke, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Ta makarantarmu ce. Malam ya ce ta 'yan makaranta ce kawai, ba a ba mutanen gari." Ta dube ni, ta dubi ƙofa. Sannan ta miƙo guntun a hankali ta ce, "Amma ke ɗanɗana kaɗan. Kada ki gaya wa kowa."

Inna tana bakin turmi, na ji mazarinta ya tsaya.

Na goge hannuna a zane, na karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar abin mutane. Na ɗanɗana. Na mayar mata da sauran, na ce, "Na gode. Allah ya ƙara wa ɗorawarku albarka."